Yadda Ganga Ta Ƙwace Gaba a Kiɗan Jaz

Ranar 18 ga Fabrairun 1969 makaɗa takwas suka hallara a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia da ke New York, bisa kiran Miles Davis. Uku daga cikinsu masu piyano ne, Herbie Hancock da Chick Corea da Joe Zawinul, kuma kayan lantarki aka girka wa kowannensu maimakon babban piyanon katako da aka saba gani. Wayne Shorter na riƙe da saksafon, Dave Holland da bes, Tony Williams na kan ganguna, Miles kansa kuma da ƙaho. Na takwas ɗin wani saurayi ne mai jita, John McLaughlin, wanda bai jima da sauka daga Ingila ba. Zawinul ya zo da wani kiɗa da ya tsara mai hawa da sauka da yawa. Miles ya zazzage kusan duk adon da ke ciki, ya bar shi a kan murya ɗaya, sannan ya umarci McLaughlin ya kaɗa kamar wanda bai taɓa koyon jita ba. McLaughlin da kansa ya sha ba da wannan labari.

Abin da aka ɗauka a ranar sai da ya bi ta hannun Teo Macero, mai haɗa wa Miles faifai, kafin ya zama abin saye. Macero ya zauna da reza yana yanka zaren tef yana liƙawa. Da ya ga abin da suka zaɓa bai cika faifai ba, sai ya kwafi mintunan farko na kowane gefe ya sake ɗora su a ƙarshe. A watan Yuli faifan ya fito da sunan In a Silent Way: gefe biyu, kowanne kiɗa ɗaya tilo na kusan minti ashirin. Masu sharhi da dama sun rasa a wane layi za su jera shi.

Dalilin da ya sa mutumin da ya yi Kind of Blue a 1959, faifan da har yau ake sa wa sabon shiga a matsayin ƙofar jaz, ya juya wa salonsa baya, yana cikin kasuwa kafin ya kasance cikin fasaha. Tun saukar Beatles a Amurka a Fabrairun 1964 matasa suka koma wa jitar lantarki. Gidajen da ake kiɗan jaz da dare suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Birdland, mafi shahara a New York, ya rufe a 1965. John Coltrane ya rasu a Yulin 1967 yana da shekara arba'in. Abin da ya fi ci wa Miles rai shi ne in ya dubi masu sauraronsa, samarin baƙar fata ba sa ciki. Suna can wajen James Brown.

Brown kuwa ya riga ya yi nasa juyin. A "Papa's Got a Brand New Bag" na 1965, da kuma "Cold Sweat" na 1967, ya ɗauke nauyin kiɗa daga kan karin waƙa ya ɗora shi a kan bugu. A jaz na da, mai ganga da mai bes suna baya suna riƙe lokaci, mai ƙaho na gaba yana ba da labari. A wurin Brown kowane kayan kiɗa ganga ne. Jitar Jimmy Nolen ba ta rera komai, karta take yi. Masu ƙaho su sako gajeren bugu su yi shiru. Bes ya maimaita 'yar jimla guda har kiɗan ya ƙare, kuma kowa ya faɗo tare a kan bugun farko. Abin ya yi kama da luguden mata uku a turmi ɗaya: kowace taɓarya na da gurbinta, daɗin yana cikin yadda ba sa karo. Wannan shi ne fank. Ba kiɗan wasa ba ne ga mai yin sa, domin Brown tarar kuɗi yake ci wa duk wanda ya yi kuskure a dandamali, da yatsu yake nuna masa adadin yana cikin rawa.

Wani abin lura shi ne tun daga nan aron ya fara tafiya ta ɓangarori biyu. Pee Wee Ellis, wanda ya tsara "Cold Sweat" tare da Brown, ɗan jaz ne, kuma ya faɗa cewa busar ƙahon da ke ciki daga "So What" na Miles ya tsinko ta.

A Satumban 1968 Miles ya auri Betty Mabry, budurwa mawaƙiya da ta san Jimi Hendrix da Sly Stone. Auren bai wuce shekara guda ba, amma ta canza masa faifan da yake saurare da tufafin da yake sawa. Fuskarta ce a bangon Filles de Kilimanjaro. A wannan tsakanin ne piyanon lantarki da bes na lantarki suka fara shigowa ƙungiyarsa da kaɗan-kaɗan.

Wata shida bayan ɗaukar In a Silent Way, ranar 19 ga Agustan 1969, washegarin watsewar taron kiɗa na Woodstock, Miles ya sake tara jama'a, wannan karon fiye da goma. Masu ganga biyu a lokaci ɗaya, masu bes biyu, piyanon lantarki biyu wani lokaci uku, ga Bennie Maupin yana gurnani a ƙasa da babbar kilarnet. Kwana uku suka yi. Babu cikakken kiɗa a rubuce; 'yan guntaye Miles yake ba su, ya nuna saurin da yake so, ya ce a bar tef yana tafiya. Mai kunne zai ji muryarsa dusashshiya a cikin faifan yana ba da umarni. Macero ya sake komawa ga rezarsa: kiɗan farko kaɗai, "Pharaoh's Dance", mai tsawon minti ashirin, an yanka shi an haɗa a wuri goma sha tara. Bitches Brew ya fito a Maris 1970, faifai biyu a jaka ɗaya, fiye da awa ɗaya da rabi. Ya ci kyautar Grammy, ya kuma zama faifan Miles na farko da ya kai matsayin zinare a ciniki. Miles ya bar ƙananan gidajen dare ya koma manyan zaurukan 'yan rok irin su Fillmore, kuma a Agustan 1970 ya busa ƙaho gaban dubban ɗaruruwan mutane a tsibirin Wight na Ingila.

A ganina wannan faifai ba shi ne ya kamata baƙo ya fara da shi ba, duk da sunan da ya yi. Yana da duhu da cunkoso, kuma wanda ya zo neman karin da zai bi da fito zai gaji kafin ya samu. Sai kunne ya saba da bin bes da ganga tukuna, sa'an nan ƙahon Miles, da ake ninka amonsa da na'ura, yake zama abin da yake.

Yaran da suka bi ta waɗannan zama biyu su ne suka raba gonar a tsakaninsu. Tony Williams ya riga kowa da ƙungiyarsa Lifetime. McLaughlin ya kafa Mahavishnu Orchestra da Billy Cobham a kan ganguna, suka fitar da The Inner Mounting Flame a 1971 da Birds of Fire a 1973, kiɗa mai gudun tsiya da ƙara, a kan lissafin bugu irin na Indiya. Daga baya ya ajiye lantarkin gaba ɗaya ya kafa Shakti da Zakir Hussain mai tabla. Corea ya kafa Return to Forever da Stanley Clarke, ya fara da ɗanɗanon Barazil a Light as a Feather kafin ya karkata ga ƙarar rok. Zawinul, ɗan birnin Viyana na Ostiriya, ya haɗa kai da Shorter suka kafa Weather Report a 1970. Wannan gauraye na jaz da rok da fank shi aka riƙa kira fiyushan, masu ƙinsa kuma suna ganinsa gamin-gambiza.

Hancock ne ya fi kowa dacewa, bayan ya sha wuya. Ƙungiyarsa ta farkon shekarun 1970, wadda kowane ɗanta ya ɗauki sunan Suwahili, shi kansa yana amsa Mwandishi, ta yi faifai uku masu zurfi da ba su yi kasuwa ba. Ya rushe ta, ya riƙe Maupin kaɗai, ya ɗauko Paul Jackson mai bes da Harvey Mason mai ganga da Bill Summers mai ƙananan kayan bugu. A Satumban 1973 suka ɗauki Head Hunters a San Francisco. Kiɗa huɗu ne kawai a ciki. Na farko, "Chameleon", ya haura minti goma sha biyar, kuma yana buɗewa da 'yar jimlar bes da Hancock ya kaɗa a na'urar ARP, tana hawa taki-taki tana komowa. Sai ganga ta shigo, sai wata karta mai kama da jita, alhali babu mai jita a faifan baki ɗaya, Hancock ne da wata na'ura mai maɓallai. Ana tsakiyar rawa kiɗan ya sauya, ya lafa, piyanon lantarki ya fara zance irin na jaz tsantsa a kan bugun da bai daina ba. Kiɗa na uku sunansa "Sly", girmamawa ga Sly Stone.

Na biyun ya fi jan hankalin mai sauraro daga Afirka. "Watermelon Man" tsohon kiɗan Hancock ne na 1962, amma a nan an buɗe shi da wata busa mai haɗe da murya, fito ɗaya, sauti ɗaya daga maƙogwaro, suna karɓa-karɓa. Summers ne yake hura kwalba yana kwaikwayon wani salon busa na mutanen Ba-Benzele na dajin Afirka ta Tsakiya, wanda ya ji a faifan masu bincike. Hoton bangon ma daga wani abin rufe fuska na ƙabilar Baule ta Kwaddibuwa aka samo shi. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, abin da ba a saba ji ba a jaz, amma ba a lissafa mutanen dajin cikin masu haƙƙin kiɗan ba.

Nasarar Hancock ta zo wa Miles da ɗaci, domin shekara ɗaya kafin nan shi ma ya nemi waɗannan masu sauraro bai same su ba. Ya ɗauko Michael Henderson, matashin mai bes daga ƙungiyar Stevie Wonder, wanda zai iya riƙe jimla ɗaya na rabin awa ba ya gajiya. A 1972 ya fitar da On the Corner, da tabla da sitar da tafi da ƙararrawa, ƙahonsa kuma ya bi ta na'urar da 'yan jita ke takawa da ƙafa har ba a gane ƙaho ne. Bangon zanen barkwanci ne na 'yan unguwa a bakin titi, kuma ba a rubuta sunan makaɗi ko ɗaya ba. Masu sharhin jaz suka yi masa kaca-kaca, samarin da aka yi dominsu ba su ji labarinsa ba, Miles ya ɗora laifin a kan kamfanin da ya tallata shi ga tsofaffin masu sayen jaz. A Oktoban shekarar ya yi haɗarin mota ya karya ƙafafu biyu. Har ta kai a wasu wasannin shi ne yake buɗe fage kafin tsohon yaronsa Hancock ya hau.

A wannan lokaci Legas ba 'yar kallo ba ce. Fela Kuti ya karanci busa ƙaho a kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan tun daga 1958, kuma da ya dawo jaz ya so ya yi, ya gauraya shi da hailaif a ƙungiyarsa Koola Lobitos. Geraldo Pino, ɗan Saliyo mai kwaikwayon James Brown da manyan lasifika, ya kwashe masa kasuwa. Tafiyar da Fela ya yi Amurka a 1969, inda ya shafe watanni a Los Angeles, ita ta dawo da shi da sabon kiɗa da sabuwar siyasa. Ginshiƙin kiɗan shi ne Tony Allen, mai gangar da ya koyi sana'arsa daga sauraren faifan Art Blakey da Max Roach. A Disamban 1970 James Brown ya zo Nijeriya, kuma yaransa, ciki har da Bootsy Collins mai bes wanda bai kai shekara ashirin ba, suka je gidan rawar Fela suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Allen ya ce mai tsara wa Brown kiɗa ya zauna kusa da shi yana ƙoƙarin rubuta yadda ƙafarsa da hannunsa suke tafiya. An daɗe ana gardamar wa ya ɗauka daga wa. Wanda ya saurari Gentleman na 1973 ko Expensive Shit na 1975 zai ji jitar Brown a ciki ƙarara, zai kuma ji ganga mai lanƙwasa da babu irinta a Amurka. Tsarin faifan ma irin na Miles ne: kiɗa ɗaya ya cinye gefe guda, a daɗe ana busa kafin a ji murya. Lester Bowie, mai ƙaho daga Chicago, ya zauna wurin Fela a 1977, Roy Ayers kuma ya zaga Nijeriya tare da shi a 1979 suka yi Music of Many Colours.

Ranar 1 ga Fabrairun 1975 Miles ya yi wasa biyu a Osaka ta Japan, na rana da na dare, waɗanda suka zama Agharta da Pangaea. Kafin ƙarshen shekarar ya ajiye ƙaho ya kulle kansa a gida, ciwo da ƙwaya sun ci ƙarfinsa, ba a sake ganinsa a dandamali ba sai 1981.

Bayan fitarsa salon ya yi kuɗi, ya kuma yi laushi. Donald Byrd ya riga ya nuna hanya da Black Byrd a 1973, wanda ya zarce duk abin da kamfanin Blue Note ya taɓa sayarwa kafin nan. Grover Washington ya biyo da Mister Magic, George Benson da Breezin' a 1976. Weather Report ta kai ƙololuwarta a 1977 da Heavy Weather, bayan shigowar Jaco Pastorius, wanda ya cire ƙarafan wuyan bes ɗinsa har ya sa shi rera kamar murya. A cikinsa ne Zawinul ya sa "Birdland", tunawa da gidan da aka rufe. Daga nan kuma kamfanoni suka gane abin da gidajen rediyo ke so, suka riƙa fitar da faifai masu santsi da ba sa tayar wa kowa hankali. Da yawansu ba su cancanci a sake juya su ba. Pastorius ya rasu a 1987 yana da shekara talatin da biyar, bayan dukan da ya sha a ƙofar wani gidan rawa a Florida.

Martani ya zo daga matasa, ba daga tsofaffi ba. Wynton Marsalis, ɗan New Orleans, ya fito a farkon shekarun 1980 da kwat da ƙaho marar waya, yana cewa lantarki ya ɓata gado. Rashin jituwarsa da Miles ta fito fili a 1986 a Vancouver, inda ya hau dandamalin Miles ba gayyata, Miles ya tsayar da kiɗa ya sallame shi.

Wani dattijon kuma wata hanya ya bi daban, hanyar da ta kawo shi Zariya. Yusef Lateef, wanda aka haifa a 1920 ya tashi a Detroit, ya musulunta tun yana matashi, kuma tun kafin Eastern Sounds na 1961 yake shigo da kayan busa na Gabas cikin kiɗansa. Ya yi aiki tare da Zawinul a ƙungiyar Cannonball Adderley a farkon shekarun 1960. Shi ma ya taɓa fank, musamman a Autophysiopsychic na 1977, kodayake bai taɓa yarda a kira kiɗansa jaz ba. Yana da digirin dakta a fannin ilimi, kuma bincikensa a kan tarbiyyar Musulunci da ta Turawa ne. A 1981 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, ya zauna har 1985. Sarewar Fulani ya sa a gaba: yadda ake yin ta da yadda ake busa ta. Mutumin da ya yi wasa da Dizzy Gillespie da Charles Mingus ya koma ɗalibin masu busa a ƙasar Zazzau. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas tare da makaɗan ganga 'yan ƙasa, busa da bugu ne ginshiƙinsa, kuma a 1987 littafin da ya rubuta tare da Ziky Kofoworola a kan wasanni da kiɗan Hausa ya fito. Ya rasu a Disamban 2013 yana da shekara casa'in da uku. Abin takaici ne yadda sunansa ya fi sanuwa a shagunan tsofaffin faifai na Tokyo da Landan fiye da garin da ya zauna shekara huɗu.

Waɗanda suka farfaɗo da faifan shekarun 1970 ba 'yan jaz ba ne. Yaran New York masu kiɗan hip-hop ne suka bi kwandunan tsofaffin faifai suna neman gurbin da kowa ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai. 'Yan daƙiƙun da Clyde Stubblefield ya buga a "Funky Drummer" na James Brown sun shiga waƙoƙi fiye da dubu, shi kuwa bai samu kason marubuci ba. A 1991, shekarar da Miles ya rasu, A Tribe Called Quest suka gayyato Ron Carter, tsohon mai bes ɗinsa, ya kaɗa musu a The Low End Theory. A 2015 Kendrick Lamar ya cika To Pimp a Butterfly da 'yan jaz na Los Angeles irin su Kamasi Washington da Thundercat. A 2023 Ezra Collective ta Landan, wadda mai gangarta Femi Koleoso ɗan asalin Nijeriya ne kuma ya koyi bugu wurin Tony Allen, ta zama ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar Mercury.

Mai neman waɗannan faifai a yau ba ya bukatar garmaho, suna nan a waya. Sai dai ƙaramar lasifikar waya tana haɗiye bes, kuma in babu bes an cire wa "Chameleon" ƙashin baya. A nemi abin sawa a kunne mai kyau, a kuma bar kowane gefe ya tafi daga farko har ƙarshe yadda Macero da takwarorinsa suka jera shi. On the Corner ma, da aka yi wa dariya a 1972, masu haɗa kiɗa da kwamfuta sun dawo sun same shi yana yin abin da suke yi da maimaici da yanka tun kafin a ƙera na'urorinsu. A 2007 Columbia ta tattara duk zaman da aka yi a kewayensa ta fitar a faifan CD shida, wannan karon da sunan kowane makaɗi a rubuce.